Me ya sa ganyen dawa ke yin jajayen ɗigo?

Malam, ka tambayi abin da ke kawo jajayen ɗigo a ganyen dawarka da damina. Dawar ce da kanta take haɗa wannan jan. Da zarar ƙwayar fumfuna ta huda ganye, sai wurin ya fara sarrafa sinadarai masu guba gare ta, irin su apigeninidin, ya tara su daidai bakin hudar. Dawar tana jira sai an taɓa ta ne, saboda haɗa su yana cin abincin da zai tafi zangarniya. Karan dafin da dukawa ke rina fata da shi kuwa, irinsa daban ne, ko ba cuta jawur yake. In ɗigon ya mamaye ganyen, cutar ta rinjaya, don Allah ka sauya iri baɗi.