Brahma da silki 'yan sati uku: wanne ne zakara, wacce ce kaza?

Wani bawan Allah daga Zariya ya turo tambaya, ya ce ya sayi 'yan tsaki goma 'yan sati uku, brahma (irin manyan kajin nan masu gashi a ƙafa) shida, silki (irin ƙananan nan masu gashi mai laushi da tukku) huɗu, mai sayarwa ya rantse masa takwas mata ne, wai ya zai tabbatar?

Malam gaskiya a sati uku shi kansa mai sayarwan canka kawai ya yi. Wancan abin da ake yi na kama ƙafar tsako a juya shi kai ƙasa, ko a ce dogon ƙwai zakara ne, duk ba komai a ciki. Duba ta dubura kam gaskiya ne, a Japan aka fara shi, amma aikin ƙwararru ne kuma a tsakon kwana ɗaya ake yi, in ka matse shi da kanka kana iya kashe shi a banza, don Allah kar ka gwada.

Brahma ka ba su zuwa sati 8 ko 12. Zankonsu dama ƙarami ne a kwance, to launi za ka duba, na namiji yana riga yin ja da faɗi, na mace yana nan fari-fari har sai ta kusa fara ƙwai. Namijin ƙafarsa ta fi kauri, kuma gashi yana masa nawa, za ka ga 'yan uwansa sun rufe da gashi, shi kuma bayansa da kafaɗa kamar an fige, jela guntuwa, mutane har suna zaton ciwo ne alhali zakara ne ke tafe. Daga wata uku zuwa huɗu sai ka buɗe gashin gadon baya kusa da jela, in ka ga sirara masu tsini suna sheƙi an gama magana, na mace bakinsu a zagaye yake.

Silki kuwa sai haƙuri wlh, ni kaina sun sha ba ni kunya, akwai wadda na gama saka wa suna a matsayin kaza sai da asuba na ji ta yi cara. Tukkun mace dunƙule yake kamar curin auduga, na namiji yana kwantawa baya da wasu dogayen zare-zare, zankonsa mai duhu ya fi girma. Kafin wata huɗu kar ka sayar da ko ɗaya da sunan mace, wani ma sai wata shida.

Ka ɗaura musu zare kala-kala a ƙafa, sako-sako, kana ɗaukar hoto duk sati kana gwada su da juna, amma brahma da brahma, silki da silki.