Me ya sa Sidni da Istanbul da Legas ba su ne manyan biranen ƙasashensu ba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a wata makarantar sakandare a Zariya. Duk shekara idan na ce ɗalibai su rubuta babban birnin Ostireliya sai yawancinsu su rubuta Sidni, na Turkiyya su ce Istanbul, na Amurka su ce New York. Nakan gyara musu, amma da wani ya tambaye ni dalili sai na ga amsar da na ba shi ba ta gamsar da shi ba. Me ya sa ƙasa za ta bar garin da ya fi jama'a da dukiya ta kai kujerar mulki wani wuri? Kuma waɗanda suka yi ƙaura irin tamu zuwa Abuja, kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ɗalibanka ba su da laifi sosai, domin a ƙasashe da dama zaton nasu daidai ne. Landan da Faris da Alƙahira da Tokyo da Akara duk su ne mafi girma a ƙasashensu, kuma su ne mazaunin gwamnati. Amma girman gari kasuwa ce ke kawo shi, da tashar jirgin ruwa, da masana'antu. Kujerar mulki kuwa shawara ce ake zama a yanke, a rubuta ta a doka, kuma masu yanke ta sukan duba abubuwan da ɗan kasuwa bai damu da su ba: wa zai ji an danne shi, ta ina abokin gaba zai ɓullo, wane yanki ne aka bari a baya.

Ostireliya ce ta fi sauƙin bayani. Lokacin da yankuna shida da ke ƙarƙashin Ingila suka haɗu suka zama ƙasa ɗaya a 1901, Sidni da Melbon kowanne ya ƙi yarda ɗayan ya ɗauki kujerar. Sai aka yi sulhu, aka sa shi a sashe na 125 na kundin tsarin mulki: babban birni zai kasance a cikin jihar New South Wales, wato jihar da Sidni take, amma nisansa da Sidni kada ya gaza mil 100, sannan majalisa ta zauna a Melbon kafin a gama gini. An zaɓi fili a 1908, aka raɗa masa suna Kanbera a 1913, majalisa ba ta tare ba sai 1927. Ka ga kenan Sidni ba ta taɓa riƙe wannan matsayi ga tarayyar ba, Melbon ce ma ta riƙe na ɗan lokaci.

Amurka ma kusan haka ne. Gwamnatin tarayya ta fara zama a New York, amma jihohin kudu ba su so mulki ya zauna a hannun attajiran arewa. Dokar 1790 ta ware fili a bakin kogin Potomak, daga jihohin Maryland da Bajiniya, aka ce a zauna Filadelfiya shekara goma ana gini, aka tare Washington a 1800. An yi filin ne yadda ba zai shiga ƙarƙashin wata jiha ba, kuma wannan ya bar baya da ƙura: har yau mazauna Washington ba su da sanata, wakilinsu a majalisar wakilai kuma ba ya kaɗa ƙuri'a a zauren majalisa. A Kanada, Sarauniya Biktoriya ce ta zaɓi Ottawa a 1857, gari ne ƙarami a kan iyakar masu jin Turanci da masu jin Faransanci, kuma ya fi Toronto nisa da bakin iyakar Amurka.

Na Turkiyya yaƙi ne ya kawo shi. Bayan yaƙin duniya na ɗaya sojojin ƙawance sun mamaye Istanbul, mazaunin Daular Usmaniyya, jiragen yaƙinsu na tsaye a mashigin ruwa. Mustafa Kamal da mutanensa suka buɗe majalisarsu a Ankara, can tsakiyar Anatoliya inda jirgin ruwa ba ya kaiwa, a watan Afrilu 1920. Da suka yi nasara suka ayyana Ankara babban birni ranar 13 ga Oktoba 1923, mako biyu kafin shelar jamhuriya. Ban da tsaro, akwai niyyar raba sabuwar gwamnati da fadar sarakuna da mutanen da ke kewaye da ita.

Wasu kuma ƙasa ce da ruwa suka kore su. Guguwar Hattie ta ragargaza birnin Beliz, babban birnin ƙasar Beliz a lokacin, a 1961, sai aka gina Belmofan a kan tudu nesa da gaɓa, gwamnati ta koma can a 1970. Jakarta ta Indonesiya tana nutsewa ne a hankali, musamman arewacinta, kuma babban dalilin shi ne yawan zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa da rijiyoyin burtsatse, abin da ke sa ƙasar da aka yi gini a kanta ta dinga zama. Shi ya sa aka yi doka a 2022 ta gina Nusantara a gabashin Kalimantan, tsibirin Borneo. Amma ka lura, dokar ta bar Jakarta a matsayinta har sai shugaban ƙasa ya sa hannu a kan umarnin ƙaura.

To sai tamu. Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti a 1975 a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, ya duba ko Legas za ta iya ci gaba da ɗaukar nauyi biyu, na jiha da na tarayya. Kwamitin ya ce ba za ta iya ba: ruwa ya kewaye ta, ba filin faɗaɗawa, cunkoso ya yi yawa, tana can gefe guda a bakin teku, kuma tana cikin yankin ɗaya daga manyan ƙabilun ƙasar, ga shi ba a daɗe da fitowa daga yaƙin basasa ba. Aka fitar da doka mai lamba 6 ta 1976 a farkon Fabrairu, kwanaki kaɗan kafin a kashe Murtala. An yanko filin daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Sunan ma aro aka yi daga tsohon garin Abuja, shi kuma aka mayar da shi Suleja. Ba a tare a hukumance ba sai 12 ga Disamba 1991 a zamanin Janar Babangida, kusan shekara 16 bayan dokar, kuma mutane da yawa suna ganin yunƙurin juyin mulkin Afrilu 1990, da aka kai hari barikin Dodan, mazaunin shugaban ƙasa a Legas, shi ya ƙara wa tafiyar sauri. Ba sabon abu ba ne a wannan yanki: Turawa sun zauna Zungeru kafin su kai hedikwatar Arewa Kaduna a 1917, Faransawa kuma sun ɗauke tasu daga Damagaram zuwa Yamai a 1926.

Game da ko an ci riba, ya danganta da abin da aka ce ana nema. Idan ana neman wurin da kowa zai ce nasa ne, kuma a ja hanyoyi da jama'a zuwa tsakiyar ƙasa, Abuja da Ankara da Barasiliya, babban birnin Brazil, sun yi abin da aka gina su dominsa. Idan kuwa ana neman rage wa tsohon gari cunkoso ne, wannan buri kusan ko'ina bai cika ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya kaɗan ne ƙwarai a cikin jama'ar babban gari. Tashar Apapa ba ta tashi ba, kasuwar hannun jari ba ta tashi ba, hedikwatocin yawancin bankuna ba su tashi ba, don haka Legas ta ci gaba da kumbura. Haka Istanbul, haka Karachi bayan Pakistan ta gina Islamabad a shekarun 1960.

Matsalar da ta fi maimaituwa ita ce ta wurin kwanan talaka, kuma Barasiliya ce darasi. Shugaba Juscelino Kubitschek ya gina ta cikin ƙasa da shekara huɗu, aka buɗe ta ranar 21 ga Afrilu 1960. Lúcio Costa ya zana ta da siffar jirgin sama, Oscar Niemeyer ya zana manyan gine-ginen, aka yi lissafin mutum 500,000. An ware unguwar ma'aikatu daban, ta bankuna daban, ta otal daban, ta gidaje daban, aka haɗa su da manyan tituna, wanda ba shi da mota ya shiga uku. Leburorin da suka yi ginin an ɗauka za su koma garuruwansu idan an gama. Ba su koma ba. Suka kafa bukkoki, gwamnati ta kwashe su zuwa garuruwan gefe irin su Ceilândia da aka kafa a 1971. Ƙidayar 2022 ta samu kusan mutum miliyan 2.8 a yankin tarayyar, mafi yawansu a wajen zanen jirgin. Duk wanda ya taɓa biyo hanyar Keffi da ƙarfe shida na safe ya ga irin wannan da idonsa: motoci jere daga Mararaba zuwa Nyanya zuwa Asokoro, masu gadi da masinjoji da ƙananan ma'aikata sun fito tun asuba, suna kwana a jihar Nasarawa suna aiki a Abuja, saboda albashinsu ba zai kama ɗaki a Wuse ko Garki ba. Dalilin ɗaya ne. Idan gwamnati ce ke raba fili, kuma ƙa'idar gini ta yi tsada, talaka zai tare ne a inda ƙa'idar ta ƙare, wato bayan iyaka.

Akwai kuma 'yan asalin wuri. Da farko an yi niyyar kwashe dukkan mazauna yankin Abuja, Gbagyi da sauransu, a sake musu matsuguni a waje. Da aka ga yawansu da kuɗin diyya sai aka janye, aka bar mafi yawa a inda suke, kuma rigimar fili da diyya ba ta mutu ba har yanzu. Yankin ba shi da gwamna, minista ne shugaban ƙasa ke naɗawa, sanata ɗaya ne, 'yan majalisar wakilai biyu.

Wata ƙaurar kuma takan tsaya a takarda. Kwaddibuwa ta ayyana Yamusukuro, mahaifar Shugaba Houphouët-Boigny, a 1983. An yi manyan tituna da wani katafaren coci da aka buɗe a 1990, amma ma'aikatu da ofisoshin jakadanci suna Abijan. Tanzaniya ta yanke shawarar komawa Dodoma tun 1973, rashin kuɗi ya sa abin ya yi ta jan ƙafa, sai da Shugaba Magufuli ya matsa daga 2016 sannan ma'aikatu suka tashi daga Darussalam da gaske. Ta Myanmar akasin haka ce: sojoji sun kwashe ma'aikata daga Yangon zuwa Naypyidaw farat ɗaya a Nuwamba 2005, aka samu gari mai titin da ya kai layi 20 amma motocin da ke binsa ba su taka kara sun karya ba. Jamus ce ta yi abin da lissafi. Majalisa ta kaɗa ƙuri'a a Yuni 1991, 338 suka zaɓi Balin, 320 suka zaɓi Bon inda gwamnati take a lokacin, aka tare Balin a 1999, amma aka bar wa Bon hedikwatar ma'aikatu shida don kada garin ya durƙushe.

Wajen jarrabawa, inda za ka fi shan gardama shi ne ƙasashen da suka raba aikin. A Afirka ta Kudu shugaban ƙasa da ma'aikatu suna Pretoria, majalisa tana Cape Town, kotun ɗaukaka ƙara tana Bloemfontein, rabon da aka yi tun haɗewar 1910. Johannesburg, wadda ta fi su duka girma, ba ta cikin ukun, duk da cewa kotun tsarin mulki a can take. A Jamhuriyar Benin doka ta ce Porto-Novo, majalisa ma tana can, amma fadar shugaban ƙasa tana Kwatano. A Holan kundin tsarin mulki ya ce Amsterdam, gwamnati da majalisa da jakadu suna Hague. A Bolibiya doka ta ce Sucre, gwamnati tana La Paz. Shawarata, ka koya wa yara su nemi abin da dokar ƙasar ta ce tukuna, shi ne amsar jarrabawa, sannan su duba inda shugaba da majalisa suke zaune. Wurin ofisoshin jakadanci yana taimakawa amma yana iya yaudara, domin jakadu su ne na ƙarshen tashi: a Saudiyya sun zauna Jidda har tsakiyar shekarun 1980 alhali Riyad ce babban birni.

Ka kuma duba shekarar da aka buga littafin da kake koyarwa da shi. Burundi ta mayar da kujerar siyasa Gitega a 2019, Bujumbura ta zama ta kasuwanci. Kazakistan ta tashi daga Almaty a 1997 zuwa Akmola, aka sa wa garin suna Astana a 1998, aka mayar da shi Nur-Sultan a 2019, aka dawo da Astana a 2022. Idan taswirar da ke bangon ajinka ta fito tsakanin 2019 da 2022, sai ka sa alƙalami ka gyara.