Katin cefane da mai a Amurka: wanne ya fi mayar da kuɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Maraɗi ce, ina zaune a Greensboro da ke jihar North Carolina tare da maigida da yara huɗu. A wata muna kashe kamar dala 700 a cefane: 300 a Walmart, 200 a Food Lion, 200 kuma a shagon Afirka inda muke sayen naman halal, gero da manja. Man mota yana cin kamar dala 250. Wata maƙwabciyata ta ce in karɓi katin bashi na American Express mai mayar wa mutum kashi 6 cikin ɗari na abin da ya kashe, wai asara nake yi. Maigida ya ce katin Costco ya fi. Wanne zan ɗauka? Kuma yaya batun riba?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya yara. Na ji daɗi da kika rarrabe mini inda kuɗin ke tafiya, domin amsar tana cikin wannan rabon.

Katin da maƙwabciyarki ke nufi shi ne Blue Cash Preferred. Gaskiya ne yana mayar da kashi 6 a kan cefane, har zuwa dala 6,000 a shekara, daga nan ya koma kashi 1. Yana ba da kashi 3 a gidan mai. Amma ana biyan kuɗin shekara dala 95. Yana da ƙane, Blue Cash Everyday, wanda babu kuɗin shekara a kansa, shi kuma kashi 3 yake bayarwa a cefane da kashi 3 a mai, kowanne har dala 6,000.

Ga inda gizo ke saƙa. A wurin waɗannan kamfanoni, ba duk inda ake sayar da shinkafa da tumatir ne kantin cefane ba. Kowane shago yana da lamba da aka yi masa rajista da ita a tsarin katuna. Manyan kantunan abinci irin su Food Lion da Harris Teeter da Kroger suna ƙarƙashin lamba 5411, su ne ake ba kashi 6. Walmart da Target kuwa American Express ta fitar da su ƙarara a cikin sharuɗɗanta, haka ma kantunan 'yan ƙungiya, waɗanda sai an biya kuɗin shekara ake sayayya a cikinsu, irin su Sam's Club. Wato dala 300 ɗin da kike kai wa Walmart duk wata, kashi 1 kawai za ta samo miki. Shagon Afirka kuma sai yadda mai shi ya yi rajista. Wani yana ƙarƙashin 5411, wani an sa shi a matsayin mahauci ko ƙaramin shagon abinci, wani ma ba ya karɓar American Express ɗin gaba ɗaya saboda abin da ake yankar masa ya fi na Visa.

To mu buga lissafi da kuɗinki, a kan cewa shagon Afirka bai shiga ba. Da Preferred, Food Lion zai kawo dala 144 a shekara, Walmart 36, shagon Afirka 24, mai 90. Jimla 294, a cire 95 na shekara, saura 199. Da Everyday, 72 da 36 da 24 da 90, jimla 222. Kin ga ƙanen ya riga ya doke wan.

Sai kuma wasu katuna da ba a cika yi musu talla ba, masu ba da kashi 2 a kan komai, ba ruwansu da wane shago ne: Citi Double Cash da Wells Fargo Active Cash, dukansu babu kuɗin shekara. Abin da kike kashewa a cefane da mai ya kai dala 11,400 a shekara. Kashi 2 na wannan shi ne 228. Katin da ba shi da wata kwalliya ya fi mai kashi 6 ɗin da kusan dala 30, kuma ba sai kin tsaya a gaban mai karɓar kuɗi kina tunanin wanne za ki zaro ba.

Ba wai maƙwabciyar taki ta yi ƙarya ba. Idan duk cefanenta a Harris Teeter take yi, dala 500 a wata, za ta samu 360 a shekara, bayan an cire 95 ta tsira da 265, alhali Everyday 180 zai ba ta. A gare ta ya biya. Ƙa'idar ita ce, sai mutum yana kashe sama da kamar dala 265 a wata a kantunan da aka amince da su kafin kuɗin shekarar ya fanshi kansa. Ke 200 kike kashewa. Idan ta tabbata shagonku na Afirka yana kan 5411 kuma yana karɓar katin, to labari ya canza, Preferred zai kai ki 319. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ki roƙi maƙwabciyar ta sayi wani ɗan abu a can da katinta, bayan kwana biyu ta duba a manhaja ta ga kashi nawa aka ba ta.

Na maigida kuwa, Costco Anywhere Visa ne na bankin Citi. A kan mai ba shi da na biyu a cikin waɗanda na ambata: kashi 4 a gidajen mai, kashi 5 a famfon Costco, har dala 7,000 a shekara. Dala 3,000 ɗinku na mai zai kawo 120 ko 150. Sai dai dole mutum ya zama ɗan ƙungiyar Costco, wanda ke cin dala 65 a shekara, kuma a kan cefane kashi 2 ne a cikin Costco, kashi 1 a Food Lion da Walmart. Sannan ba duk wata ake ba ka kuɗin ba, sau ɗaya ne a shekara, a watan Fabrairu. Idan da ma kuna da katin ƙungiya kuna sayen buhun shinkafa da kwalin madara a can, maigida ya yi gaskiya a ɓangaren mai. Idan kuwa don katin kawai za ku shiga, dala 65 ta cinye bambancin har ta wuce. Ku lura kuma, Costco ba ta karɓar American Express a shagunanta na Amurka, Visa kaɗai, don haka shawarar maƙwabciya da ta maigida ba sa haɗuwa a famfo ɗaya.

Wani abu game da mai da mutane ke mantawa: wasu gidajen mai suna rubuta farashi biyu, na tsabar kuɗi da na kati. Idan galan dala 3 ne kuma bambancin santi 10, kashi 3 ɗin da katin zai mayar miki santi 9 ne. A irin wannan wuri, ki miƙa takardar kuɗi ki wuce.

Da ni ne ke, zan fara da mai kashi 2 ɗin shi kaɗai. In an yi wata shida komai na tafiya daidai, sai in ƙara Everyday don Food Lion da mai, in bar Walmart da shagon Afirka a kan na farko. Haɗin nan zai kawo dala 282. Kada ki nemi biyun a lokaci guda, domin kowace nema tana ɗan taɓa makin bashinki, wato makin da bankuna ke auna amanarki wajen biyan bashi da shi, musamman idan ba ki daɗe da fara gina shi ba. Katuna masu kashi 5 a kan wani rukunin sayayya da ke sauyawa duk wata uku, irin su Discover it da Chase Freedom Flex, ban cika ba mai yara huɗu shawararsu ba. Sai kin tuna kin kunna rukunin kowane zango, iyakarsa dala 1,500, kuma cefane ba ya zuwa kullum.

Yanzu batun da ya fi duka nauyi. Wannan kuɗi da ake mayarwa kamar gyara ne da mai awo ke ƙara miki a kan mudu: daga cikin ribarsa yake fitowa. Bankin yana yankar kamar kashi 2 zuwa 3 daga mai shago a kan kowane ciniki, sannan babbar ribarsa tana wurin waɗanda ba sa biyan bashinsu duka a ƙarshen wata. Kuɗin ruwan katunan bashi a Amurka ya haura kashi 20 cikin ɗari a shekara. Ki bar dala 1,000 ta kwana a kan kati shekara guda a kashi 22, kin biya kamar 220, wato kusan duk abin da muka zauna muna lissafawa ya koma inda ya fito. Dokar katunan bashi ta 2009 ta wajabta a aiko miki da takardar bashi aƙalla kwana 21 kafin ranar biya. Wanda ya biya cikakken adadin da ke kan takardar kafin ranar, ba a ɗora masa ruwa a kan sayayya. Cikakken adadin nake nufi, ba ɗan ƙaramin da suke rubutawa a sama da manyan baƙaƙe ba. Kuma kada ki kuskura ki cire tsabar kuɗi a na'urar ATM da katin bashi, wannan ruwansa daga ranar yake fara hawa.

Ta fuskar shari'a, ni ba mai ba da fatawa ba ne, amma ga yadda maganar take. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta hana amfani da katin bashi mai sharaɗin ruwa ko da mutum ya ƙudurta zai biya a kan lokaci, saboda ya sa hannu a kan sharaɗin. Wasu malamai a Amurka da Turai sun yi rangwame ga mazauna nan saboda buƙata, tunda hayar gida da hayar mota duk suna rataye da tarihin bashi, da sharaɗin mutum ya tabbata ba zai taɓa makara ba. Ki kai maganar wurin limaminku, ki faɗa masa ainihin yadda za ki yi amfani da shi. Idan ranki bai kwanta ba, akwai katin cire kuɗi daga asusunki, ba bashi, da ke mayar da wani abu: na Discover ya kasance yana ba da kashi 1 a kan sayayya har dala 3,000 a wata, sai ki bincika ko har yanzu ana samunsa. A lissafinki dala 114 ke nan a shekara, rabin na mai kashi 2.

Kamfanonin nan suna sauya sharuɗɗa lokaci zuwa lokaci, don haka ki karanta shafin katin a ranar da za ki cike takarda. Idan an ba ki, abin farko shi ne ki shiga manhajar ki saita biya kai tsaye daga asusunki, ki zaɓi cikakken adadi, ki kuma sa ranar biyan ta faɗo kwana biyu ko uku bayan albashin maigida ya shiga.