Amsa: Banki zai iya sa a kama wanda yake bi bashi?

Malam, ka tambaya ko ƙaramin bankin da kake wa aiki zai iya tura 'yan sanda su kamo ɗan kasuwar Kantin Kwari da ya kasa biyan rance. A'a. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum saboda bashi kawai, sashe na 36 kuma ya hana kama matarsa ko ɗansa a madadinsa.

Ku rubuta masa takardar neman biya, ku zauna a sake tsara masa lokaci. In ya ƙi, sai kotu. Abin da ya fi damuna shi ne bugawa 'yan uwansa waya ana tona masa asiri. Wannan ya saɓa dokar kare bayanan mutane ta 2023. In manaja ya matsa maka, nemi umarnin a rubuce.