Tambaya da Amsa: Waliyyin da ya shekara arba'in a bakin ƙofa

TAMBAYA: Baba Katikis, ni mai gadi ne a wani gida a Lekki, shekara shida ke nan. Daga asuba har tsakar dare, buɗe get, rufe get, tayar da janareta. Ko sunana ba a kira, sai dai "aboki". Wata Lahadin ko coci ba na samun zuwa. In na ji labarin waliyyai sai jikina ya yi sanyi. Irina zai iya faranta wa Allah rai kuwa?
Bitrus, Lekki, Legas

AMSA: Ɗana Bitrus, wasiƙarka ta taɓa min zuciya. Ni ma na yi gadi shekara huɗu a Apapa kafin in zama katikis. Na san cizon sauro a kan benci, na san hon ɗin mota da ƙarfe biyun dare, ka fito da tocila ido na yaji. To, ga labarin wani abokin aikinka.

Waliyyi André Bessette ɗan Kanada ne, an haife shi a 1845. Yana ɗan shekara 9 itace ya faɗo ya kashe mahaifinsa, yana 12 tarin fuka ya ɗauke mahaifiyarsa. Karatunsa bai taka kara ya karya ba, ga ciwon ciki da bai rabu da shi ba har ya koma ga Allah. A 1870 ya nemi shiga ƙungiyar Gicciye Mai Tsarki, ta fadoci da buradodin Katolika, saura ƙiris su sallame shi saboda rashin lafiya. Da suka karɓe shi, sai suka ajiye shi a ƙofar wata makaranta a Montiriyal. Kusan shekara 40 yana nan: buɗe ƙofa, goge ƙasa, kai saƙo, yi wa ɗalibai aski.

Abin da ya fi burge ni, kuɗin askin nan yake tarawa, kwabo kan kwabo, ya haɗa da ɗan abin da jama'a suka bayar, har aka gina ƙaramin ɗakin addu'a na Waliyyi Yusufu, mijin Maryamu, a 1904. Marasa lafiya suka riƙa tururuwa wurinsa, ya yi addu'a da su, ya shafa musu man fitilar ɗakin addu'a. Da yawa sun ce sun warke, shi kuwa bai taɓa yarda a ce shi ya warkar ba. Ya rasu ranar 6 ga Janairu 1937 yana da shekara 91, mutane wajen miliyan suka zo ban kwana da gawarsa. Paparoma Benedict na 16 ya ayyana shi waliyyi a 2010.

Ka lura, bai jira ƙarin girma ba. A bakin ƙofar nan ya dogara ga Allah, kuma duk wanda ya ƙwanƙwasa sai ya tarbe shi da mutunci. Kai ma direba, mai kawo ruwa, yaron da ya dawo daga makaranta, duk ta hannunka suke wucewa.

Batun Lahadi kuwa, wanda aiki ya tsare da gaske ba da son ransa ba, bai yi zunubi ba. Amma kada ka naɗe hannu. Ka samu maigidanka cikin ladabi ka roƙi awa biyu, ko ku yi musanya da mai gadin maƙwabta. Ka tambaya ko cocinku na yin Mas ɗin Asabar da yamma, domin tana tsayawa a madadin ta Lahadi. Ka kuma je ka gaida Fada, ka faɗa masa sunanka, Bitrus, da gidan da kake gadi.