Ƙaron da ke cikin tawada

Ɗana, tambayarka ta ba ni dariya, ta kuma dame ni. Wai ƙaron da ake sa wa tawadar allo addini ne ko al'ada? Yaron da ya yi karatun allo a Gangare, sai da aka koya masa ƙwayoyin nano masu rigar folima, wato 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi da aka lulluɓe da sinadari irin su ƙaro, a Jami'ar Jos sannan ya tuna da kurtu!

Malamanku sun yi gaskiya. Baƙin tukunya ƙwayoyi ne ƙanana ainun, da nanomita ake auna su, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita. In aka zuba su a ruwa haka nan, sai su manne wa juna, su yi nauyi, su kwanta a gindin kurtu. Ƙaro ne ke lulluɓe su ya hana su cuɗewa, ruwa ya yi ta tunkuɗa su nan da can. Irin wannan motsin masanin tsirrai Robert Brown ya gani a 1827, masanin kimiyya Einstein ya yi bayaninsa a 1905. Ruwan in ya yi kauri, tafiyar tasu sai ta ragu.

Ba na manta wani hunturu, ana gobe saukar yayanmu. Ka san sanyin Jos. Malam ya sa muka kankare gindin tukwane, ya jiƙa ƙaron dakwara tun dare. Da asuba tawada ta yi kauri, alƙalami ya ɗauka amma ya ƙi saki, ga mai zayyana zaune yana jira. Mu yara muka ce a ƙara ruwa. Malam bai tanka mana ba. Ya cusa kurtun cikin rigarsa, ya zauna bakin wuta yana tilawa, yana juya shi a hankali har ya ɗau ɗumi. Sai ga tawada tana bin alƙalami, baƙa wuluk. A nan ya ce mana, ƙaro in ya yi kaɗan rubutu ya bi hannu, in ya yi yawa ya tsattsage a allo.

Bai taɓa ce mana wajibi ne ba. Amma kakanka kan ce wanda bai iya haɗa tawadarsa ba, da sauransa a almajirci. Yanzu kuwa saye ake yi a 'yar roba, yara ba su ma san itacen da ke fid da ƙaro ba, kuma abin yana yi mini ciwo.

In za ka zo hutu ka biya kasuwa ka sayo ƙaro mai haske, kada ka karɓi mai ƙasa. Tukwane akwai su a gida. Ka gaida mahaifiyarka.