Tambaya da Amsa: In gyara EOD ɗina ko in sayar in huta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ina da Honda Accord ƙirar 2004, wadda ake ce wa EOD, mai fulogi huɗu, da ita nake zuwa makarantar da nake koyarwa in kai yara in kai maiɗakina asibiti in ta kama. Toh kwanaki ta yi zafi a hanyar Kaduna, tun daga nan take shan baƙin mai tana hayaki, makanikena ya ce sai dai a sauke injin a sa ɗan Beljiyam, da kuɗin injin da na aiki ya lissafa min kusan naira dubu 900, ga ƙafafun gaba ma suna ƙara. Abokaina suna ta ce min in rabu da ita kawai, wai tsohuwar mota rami ce. Wallahi na rasa yadda zan yi, albashin bai taka kara ya karya ba.
Daga wani malamin sakandare, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kawo mafita. Na san irin wannan damuwar tana hana barci, musamman ga mai iyali da ya saba da abin hawansa.

Kafin maganar sayarwa akwai tambayar da abokanka ba su yi maka ba: in ka sayar, me za ka saya da kuɗin? Mutane da yawa in za su yi lissafi sai su ce ai kuɗin gyaran ya kusa rabin kuɗin motar, dan haka asara ce. Wannan lissafin ya yi aiki a da, amma tun 2023 abubuwa suka canza. A watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai, a watan Yuni kuma aka saki naira, dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, kuma da dala ake sayo mota, da ita kwastan ke lissafa kuɗin fito, shi ya sa 'yar Kwatano ta yi tashin da mai albashi sai dai kallo. Kaga kenan in ka sayar da taka a yadda take, tana hayaki, dillalai za su taya ta ne a wulaƙance su cire la'adarsu, abin da zai rage a hannunka ba zai sayo maka komai ba sai wata tsohuwar da aka sha wahalarta a nan gida, wadda ba ka san tarihinta ba. Taka kuwa ko ba komai ka san ciwonta.

Amma fa ban ce ka ruga ka miƙa dubu 900 ba. Gaskiya ban gamsu da saurin da makanikenka ya yi na yanke hukunci ba. Motar da ta yi zafi sau ɗaya ba lallai ne injinta ya mutu ba, sau da yawa gasket ɗin sama, wato abin da ke like tsakanin kan inji da gangar jikinsa, shi ne ya ƙone ko kan injin ya ɗan lanƙwashe, wannan kuwa ana gyarawa da kuɗin da bai kai na sabon inji ba. Ka kai ta wajen wani makaniken daban, wanda ba shi zai sayo maka injin ba, ya auna ƙarfin matsin kowace silinda ya sa mata kwamfuta. Kai ma da idonka ka duba hayaƙin: in fari ne mai kauri kuma ruwan lagireto na raguwa, toh ruwa ne ke shiga inji, alamar gasket kenan. In shuɗi-shuɗi ne, baƙin mai take ƙonawa, a nan ne ake zargin ringi, wato zoben da ke jikin fistan ɗin inji. Ka zaro sandar auna mai, in ka ga man ya koma kamar shayi da madara ka daina tuƙa ta daga yau.

Injin EOD mai fulogi huɗu, wato mai lita 2.4, inji ne mai juriya sosai, abin da ke kashe shi a wajenmu yawanci hannunmu ne. A cire tamostat, wato abin da ke daidaita zafin inji, a yar wai ƙasarmu da zafi, a haɗa fanka kai tsaye, a riƙa ɗura ruwan rijiya a lagireto har ya toshe da tsatsa. Wannan abin yana ci min rai wallahi, dan ko ka sa sabon inji in ba a gano abin da ya jawo zafin farko ba, haka shi ma zai bi sahu.

Abu biyu ne za su sa in ce ka sayar ba tare da na yi ja ba. Na farko giya. In tana fizga, ko tana jinkirin shiga in motar ta ɗau zafi, ko man giyar ya yi baƙi yana warin ƙuna, toh ga wani babban kashe kuɗin nan tafe, inji da giya a lokaci guda kuwa sun fi ƙarfin albashin malami. (Kuma dan Allah masu Honda a daina zuba mata kowane irin man giya, nata daban ne, ATF DW-1.) Na biyu ƙasan motar. A ɗaga ta a duba shasi, wato ƙarafan ƙasa da ke riƙe da jikin motar, in tsatsa ta ci ko an taɓa yi mata walda bayan babban hatsari, kar ka ƙara zuba mata ko kwabo. Ƙafafun gaba kuwa ba dalilin sayarwa ba ne, amma kar ka yi wasa da su, EOD ta yi suna wajen cirewar bol-joyin, wato gaɓar da ke riƙe taya, sai taya ta kwanta ana cikin tafiya, ga yara a baya. Wannan ka fara gyarawa tun kafin inji.

In giya da shasi lafiya lau ne, ra'ayina ka gyara. In ta tabbata sai an canza injin, ka bi makaniken da ƙafarka zuwa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka ga injin, ka ji farashi a shago fiye da ɗaya, a rubuta maka lambar injin a rasit da kwanakin gwajin da aka amince a kai. Kar ka ci bashi mai ruwa saboda mota, gara ta kwanta a gida wata biyu ka jira kwasar adashi.

In kuma sayarwar ce ta kama, ka faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke damunta, kar ka yarda a zuba mata mai mai kauri dan a ɓoye hayaƙi na kwana biyu, algus ne kuma haƙƙin wani ne. Ka kuma tabbatar an yi takardar canjin mallaka kafin ka miƙa makulli.

Ka je a yi gwajin nan Malam, ka sake rubuto mana abin da aka gani da kuɗin da makanike na biyu ya faɗa, sai mu sake lissafin tare.